Makin jirgi ya taru: in hau ajin farko, ko mu raba shi biyu?

A 'yan makonnin nan wasiƙu sun taru a kan abu guda, wato makin da kamfanonin jiragen sama ke ba masu yawan tafiya, wanda wasu ke kira mil. Na tsinto guda shida na haɗa su wuri ɗaya. Na rage wa wasu tsawo, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Shekara shida ke nan aiki yana kai ni ƙasashe, kullum a kujerun baya, gwiwata na gugar kujerar na gabana. Yanzu makina ya kai 160,000. Ina da tafiyar awa goma sha uku a gabana, kuma raina ya biya in shiga ajin farko ko sau ɗaya ne, in ga abin da ake ta ba mu labari. Uwargida ta ce almubazzaranci ne, wai makin zai ɗauke mu mu biyu a ajin 'yan kasuwa. Wa ya fi gaskiya? Daga mai yawan tafiya.

Amsa: Malam, in dai da gaske makin zai ɗauke ku ku biyu, uwargida ta fi ka gaskiya, kuma ba don ina tsoronta na faɗa ba. Bari dai in kawo dalili, kada ka ce an yi maka shari'a ba a saurare ka ba.

A da, gado ne ya raba ajin farko da sauran. Duk mai son ya miƙe ya yi barci a sararin sama, sai ya biya kuɗin kujerun can gaba. A shekarar 2000 British Airways ya sa wa ajin 'yan kasuwa, wanda ake ce wa bizines, kujerar da ke shimfiɗewa ta zama gado, sauran kamfanoni suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. A 2017 Qatar Airways ya fito da tasa mai ƙofa, wadda ya raɗa wa suna Qsuite. Da abin ya kai haka, kamfanoni da yawa suka ga ba su da abin da za su sayar a ajin farko wanda ya isa a ninka masa kuɗi. Yau Delta da United da Air Canada da KLM da Turkish Airlines da Ethiopian duk ba su da shi a dogon zango. Kai, ko jirgin Singapore Airlines da ke tafiyar sama da awa goma sha takwas tsakanin Singafo da Niyok ba tare da ya yada zango ba, babu ajin farko a cikinsa.

Saboda haka tazarar da ka sha wahalarta shekara shida, tsakanin zama a takure da kwanciya a miƙe, ajin 'yan kasuwa ya riga ya cike ta. Abin da ajin farko zai ƙara maka a kai shi ne sarari, da ƙarancin mutane, da tarairaya.

Ba na raina waɗannan. A jirgin A380 na Emirates ɗakuna goma sha huɗu ne a ajin farko, da banɗaki biyu masu shawa, ana ba kowa ruwan minti biyar ya yi wanka jirgi na tsakiyar tafiya. A Frankfurt, Lufthansa yana da gini guda na musamman don fasinjojin ajin farko, daga nan ake sa mutum a mota a kai shi har gindin jirgi. A sabon tsarin A380 na Singapore Airlines ɗakuna shida ne kacal, gado daban kujera daban. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne da bizines bai shiga ba.

Ni na taɓa shiga sau ɗaya, kuma da maki. Kujeru takwas ne, mu uku ne a ciki. Ma'aikaciyar ta durƙusa kusa da kujerata ta kira sunana daidai, ta miƙo mini kayan barci a naɗe da silifa. Na shiga banɗaki na sauya, kafin in fito an mayar da kujerar gado, an ɗora katifa, an shimfiɗa zanin gado fari ƙal, an ajiye ruwa a gefe. Jirgin dare ne. Na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin a kawo abinci. Ban farka ba sai da aka taɓa kafaɗata ana shirin sauka. Makin shekara huɗu na kwashe na sayi barcin awa takwas, barcin da zan iya yi a bizines da kusan rabin makin. Har yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Wani kaso na abin da kamfani ke kashewa a kan fasinjan ajin farko yana tafiya ne a giya mai tsada da ƙwan kifin nan da ake ce wa kabiya. In ba ka shan giya, kuma ƙwan kifi bai dame ka ba, ka biya wa abin da wani ne zai more.

Yanzu lissafi, don nan ne mutane ke yaudarar kansu. Mu ƙaddara tikitin ajin farko dala 9,600 ne in za a saya da kuɗi, da maki kuma 150,000 ne da ƙarin dala 600 na haraji. Ka cire 600 daga 9,600, saura 9,000, ka raba da 150,000, kowane maki ya tashi senti shida. Sai mutum ya yi ta murna ya ci riba. To amma da gaske za ka iya zaro dala 9,600 daga aljihunka ka ba da don kujerar awa goma sha uku? In amsar ita ce a'a, to ba ka tsira da dala 9,000 ba, don dama ba za su fita ba. Ka tambayi kanka nawa za ka yarda ka biya da daɗin rai. In dala 2,100 ce, to makinka senti ɗaya ya tashi, ba shida ba. Da wannan ma'aunin za ka gwada shi da kujeru biyu na bizines, waɗanda a cikin ɗayarsu uwargida za ta kasance.

Ga inda zan goya maka baya. In kai kaɗai za ka yi tafiyar, kuma bambancin maki tsakanin azuzuwan biyu bai taka kara ya karya ba, hau abinka, ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin guminsa. Sai dai ka zaɓi jirgin rana, wanda ya haura awa goma, kuma wanda zai tashi daga babban masaukin kamfanin, inda falon jira da duk hidimar ƙasa suke. Kada ka zubar da makinka a jirgin dare na awa bakwai daga Niyok zuwa Landan, inda kafin a kwashe kwanukan abinci an fara haramar sauka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, makina ya isa, har ya yi rara. Amma wata uku ke nan ina shiga shafin kamfanin, kowace rana na zaɓa sai ya ce babu kujera. In na juya na nemi saye da kuɗi kuma sai in ga kujeru fayau. Wannan ba yaudara ba ce? Daga wanda ya gaji da dubawa.

Amsa: Ɗan'uwa, na san wannan takaicin, amma tsarin ke nan tun asali, ba kai aka tsana ba. Kujerar da ba kowa a kanta daban, kujerar da aka ware wa masu maki daban. Kamfani yana kasa kujerun kowane jirgi gida-gida, kowane gida da harafinsa. A ƙawancen kamfanonin jiragen sama na Star Alliance, alal misali, harafin O shi ne na tikitin maki a ajin farko, I na bizines, X na ajin gama-gari. In gidan O a rufe yake, ko jirgin zai tashi ba kowa a gaba, makinka ba zai buɗe shi ba. Kamfani ya gwammace ya riƙe kujerar har ranar ƙarshe ko wani attajiri zai zo da kuɗi a hannu. Ka tuna kuma kujerun ba su da yawa: shida ne a jirgin 777 na Cathay Pacific, takwas a na ANA, huɗu a na Air France.

Lokaci biyu ne kujerun suka fi fitowa. Na farko, ranar da aka buɗe sayar da tikitin jirgin, wato kwana 330 zuwa 360 kafin tashi, gwargwadon kamfani. British Airways kwana 355 yake buɗewa, American Airlines kwana 331. Masu wannan harka sukan zauna su ƙirga kwanaki su jira sa'ar da za a buɗe, domin zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Na biyu, dab da tafiya, lokacin da kamfani ya fid da rai cewa za a saya da kuɗi. An daɗe da sanin halin Lufthansa a nan: ba ya sakin kujerun ajin farko ga masu makin wasu kamfanoni sai tafiya ta rage mako biyu ko ƙasa da haka. Tsakanin waɗannan lokuta biyu, wato wata biyu zuwa shida kafin tafiya, lokacin da yawancinmu ke fara dubawa, shi ne lokacin fari, lokacin da kujera ta fi wuyar samu.

Wasu ƙofofin kuma a kulle suke da gangan, gara ka sani kada ka ɓata lokacinka. Air France ba ya ba da ajin farkonsa na La Première da maki sai ga masu babban matsayi a shirinsa na Flying Blue. SWISS ma haka yake yi a shirin Miles & More. Emirates, wanda a da ƙofarsa a buɗe take ga duk mai makin Skywards, tun watan Mayun 2025 ya taƙaita ta ga masu matsayin Silver da Gold da Platinum. Ɗakunan Singapore Airlines kuwa, da ƙyar ake samunsu da wani maki in ba nasu na KrisFlyer ba.

Abin da ban ga alamar ka gwada ba shi ne abokan ƙawance. Manyan ƙawance uku ne: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Makin kamfani ɗaya yana iya saya maka kujera a jirgin abokin ƙawancensa. Mai makin American Airlines yana iya hawa Japan Airlines ko British Airways da shi. Sau da yawa ma kujerar jirgi guda, rana guda, farashinta a maki ya sha bamban daga wannan shiri zuwa wancan, don kowane shiri da ma'auninsa.

Don haka ka sauya yadda kake nema. Daina cewa ranar kaza nake so, daga gari kaza zuwa gari kaza. Nemi zango mafi tsawo shi kaɗai tukuna, kujera ɗaya, tafiya kawai ban da dawowa, ka duba mako guda gaba ɗaya, har da ranakun tsakiyar mako. In ka same shi, sai ka gina sauran tafiyar a kansa. Kuma ka buɗe ido da tikitin da aka rubuta masa ajin farko alhali ɗan gajeren zangon ne kawai a gaba, dogon kuwa a baya za ka yi shi. Shafukan sukan rubuta wannan da ƙananan haruffa. A jiragen cikin gida na Amurka ma, abin da suke kira ajin farko yawanci kujera ce mai ɗan faɗi kawai, ba ta kwanciya.

Tambaya: Malam, na samu kujerar, na yi hamdala. Da na zo biya sai na ga bayan makin ana neman in ƙara ɗaruruwan daloli. Ashe ba kyauta ba ne? Daga wata 'yar kasuwa.

Amsa: Hajiya, banza ba ta kai zomo kasuwa. Maki yana biyan kuɗin kujera ne kawai, sauran da kuɗi ake biya, kuma iri biyu ne.

Akwai harajin gwamnati da kuɗin filin jirgi. Wannan ba makawa, sai dai ya danganta da inda kika tashi. Birtaniya ta yi suna a nan, don tana karɓar harajin fasinja a kan duk wanda ya tashi daga ƙasarta, kuma na kujerun gaba a dogon zango ya ninka na baya har da ɗoriya. Wanda ya ratsa ta Landan kawai ya sauya jirgi a kan tikiti guda ba tare da ya daɗe ba, ba ya biya. Shi ya sa za ki ga tikitin zuwa Landan da sauƙi, na dawowa daga can da zafi.

Na biyun shi ne mai cin rai. A da sunansa kuɗin mai, don an ƙirƙiro shi ne lokacin da man jirgi ya yi tsada. Mai ya sauko, kuɗin bai sauko ba, aka dai sauya masa suna. In kika buɗe bayanin farashin za ki gan shi da alamar YQ ko YR. Ba gwamnati ke karɓarsa ba, aljihun kamfanin yake shiga. British Airways da Lufthansa da Emirates suna cikin masu ɗora shi da nauyi a tikitin maki na kujerun gaba. Wasu shirye-shiryen kuma ba sa ɗora wa membobinsu shi ko da a jirgin abokin ƙawance ne, irin su MileagePlus na United, da Aeroplan na Air Canada tun sabon tsarinsa na 2020. Ke nan kujerar Lufthansa guda, wani zai biya wannan kuɗin, na kusa da shi bai biya ba, saboda kawai asusun da makin ya fito ya bambanta.

Kafin ki danna biya, duba nawa tikitin gama-gari yake da kuɗi a wannan ranar. In ƙarin da ake nema ya kusa kai shi, ki san cewa makinki bai saya miki tafiya ba, ƙarin girma kawai ya saya miki. In kin yarda da hakan, bismillah. Ki kuma tuna tikitin maki ba ya haifar da sabon maki, ba ya kuma ƙara miki matsayi a yawancin shirye-shirye.

Tambaya: Ina da makin katin banki da ake iya mayarwa makin jirgi. Wani aboki ya ce in tura shi duka yanzu tunda ana ba da garaɓasa. Wani kuma a intanet ya ce zai sayar mini da tikitin ajin farko a kan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa, da makin wasu. Wanne zan bi? Daga matashi mai son gwadawa.

Amsa: Ƙanena, kada ka bi ko ɗaya.

Makin banki yana da daraja ne saboda bai zama na kowa ba tukuna, yana iya zuwa wannan kamfani ko wancan. Da zarar ka tura shi, ya tafi ke nan, ba a dawo da shi. Wanda ya tura maki bai ga kujera ba ya yi cinikin biri a sama. Kujera ake fara samu, sannan a tura daidai abin da take bukata.

Ko ka gan ta ma, tabbatar. Ni da kaina abin ya taɓa ci na. Na ga kujerar ajin farko a shafin wani kamfani, a jirgin abokin ƙawancensa, ranar da nake so daidai. Hannuna na rawa na tura maki 110,000 daga banki. Na cike suna, na cike lambar fasfo, na danna biya, shafin ya yi ta juyi ya ce an samu matsala, a sake gwadawa. Na sake sau biyar. Da na kira su, bayan minti arba'in ina sauraron kiɗa, wata murya mai ladabi ta ce wannan kujerar babu ita, shafin ne bai sabunta ba. Makina ya maƙale a wurin da ban yi niyya ba, sai da na shekara kafin na samu abin yi da shi. Tun daga ranar, sai na ga kujerar a shafukan kamfanoni biyu na ƙawancen, na kuma kira na ji daga bakin mutum, na tambaya ko za a riƙe mini ita, na kuma san ko turawar nan take ce ko tana ɗaukar kwanaki. Garaɓasar da abokinka ya gani tana da amfani ne kawai in ta zo daidai da kujerar da ke gabanka.

Mutumin intanet kuwa, ka yi nesa da shi. Dokokin kusan kowane shiri sun hana sayar da maki ga wani ta bayan fage, kuma kamfanoni suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, farautar irin waɗannan tikitoci. In sun gano, soke tikitin suke yi, wani lokaci sai ka je filin jirgi da jakarka za ka ji, wani lokaci kuma bayan ka riga ka tafi, ka rasa na dawowa. Mafi muni, wasu dillalan da makin sata suke aiki, daga asusun mutanen da aka yi wa kutse, kuma sunanka ne a kan tikitin, ba nasu ba. Araha ba ta ado.

In makinka ya gaza da kaɗan, kamfanonin da kansu suna sayar da maki a shafukansu, wannan halal ne. Cike giɓi da shi, bayan ka ga kujera. Kada ka saya don ajiya.

Tambaya: Malam, ni tara nawa nake yi. Saura shekara bakwai in yi ritaya, ina so ranar in ɗauki maiɗakina mu zaga duniya a ajin farko. Na yi daidai? Daga dattijo mai haƙuri.

Amsa: Baba, niyyar ta yi kyau, Allah ya kai mu. Sai dai rumbun da kake zuba hatsin nan yana da gara.

Tun da American Airlines ya ƙaddamar da shirin AAdvantage a 1981, sauran suka biyo baya, sharaɗi guda bai taɓa sauyawa ba: makin ba dukiyarka ba ce, alkawarin kamfani ne, kuma ya rubuta cewa yana da ikon sauya farashi duk lokacin da ya so. Shi ke buga makin, shi ke yanke abin da zai saya. Kowace shekara ana ƙara zuba maki a hannun jama'a ta katunan banki, kujerun ajin farko kuwa raguwa suke yi. Ba sai an yi duba ba a san inda farashi zai nufa. A da kowane kamfani yana da jadawali a bayyane, maki kaza zuwa nahiya kaza. Delta ya janye nasa a 2015, United ya bi baya a 2019, yanzu a wurinsu farashin maki yana hawa da sauka kamar na kuɗi. Ga kuma abin da na faɗa a sama game da Emirates, ƙofar da mutane suka shekara suna tara maki dominta aka wayi gari an sa mata sharaɗi.

Duba wa'adin naka ma. Na Delta da United ba sa mutuwa. Makin Avios na British Airways yana mutuwa in asusu ya yi wata talatin da shida ba shiga ba fita, amma ɗan motsi kaɗan yana raya shi. Na KrisFlyer kuwa shekara uku yake yi daga lokacin da aka same shi, ko kana motsa asusun ko ba ka motsawa. In irin wannan ne naka, makin da ka tara bana ba zai ga ranar ritayarka ba.

Shawarata, kada ka jira shekara bakwai. In makin ya isa kujeru biyu na bizines a hutun baɗi, ka ɗauki Hajiya ku tafi, wanda ya taru daga baya a sake wata tafiyar da shi. Kujeru biyu na ajin farko a jirgi guda da maki ma wuyar samu gare su, ko da makin ya isa.

Tambaya: An ba ni kujerar, tafiya saura wata biyu. Abu uku ke damuna. Wane kaya zan sa don kada in ji kunya? Zan iya riƙe jaririyata 'yar wata tara? Kuma in aka sauya jirgin fa? Daga uwa mai fargaba.

Amsa: 'Yar'uwa, na farkon ki cire shi daga ranki. Sa abin da kika saba sawa mai tsabta wanda ba zai takura ki ba. Rabin mutanen ɗakin za su koma kayan barci kafin jirgi ya daidaita a sama.

Jaririya kuwa, yau ɗin nan ki kira kamfanin, kada ki bari sai a filin jirgi. A tafiyar ƙasa da ƙasa jaririn da bai kai shekara biyu ba yana bukatar tikitinsa ko da a cinya zai zauna. Wasu kamfanoni kashi goma cikin ɗari na makin suke karɓa, wasu kuma kashi goma cikin ɗari na kuɗin kujerar da kike kai. A kujerar dala dubu goma, dala dubu ke nan a kan 'yar da ba za ta ci komai ba sai nono. Ki tambaya kuma ko akwai gadon jarirai a wannan ajin, don ba kowane jirgi ke da shi a gaba ba.

Sauya jirgi yana faruwa, kuma kamfani ɗaya yana iya kawo wanda ba shi da ajin farko sam. Ki riƙa leƙa tikitinki a manhajar kamfanin duk mako, ki duba nau'in jirgin da taswirar kujeru. In kin ga an mayar da ke bizines tun da sauran lokaci, ki kira ki nemi a sauya miki rana ko hanya ba tare da caji ba, ko a dawo miki da bambancin makin. In a ranar tafiya aka yi miki haka, kuma daga wata ƙasar Tarayyar Turai kika tashi, doka mai lamba 261 ta 2004 ta ce a mayar wa wanda aka rage wa aji kashi 75 cikin ɗari na kuɗin tikitin a doguwar tafiyar da ta haura kilomita 3,500, cikin kwana bakwai, kuma ta ambaci tikitin maki a cikin waɗanda ta shafa. Kada ki bar teburin sai sun ba ki shaida a rubuce cewa su suka sauya miki aji, ki kuma adana katin shiga jirgin, tsohon da sabon.